Ɗana Mai Hoto, Kada Ka Rina Ruwan Yauri

Ɗana, idan a Yelwa kake ɗaukar hoto, ka san cewa garin nan a gabashin ruwa ya zauna, kuma rabin wahalar sana'arka daga nan ta samo asali. Da la'asar sakaliya, lokacin da masunta ke dawowa, jiragen Rofiya da sauran garuruwan tsallake ke sauke mutane da buhuna, duk wanda ya tsaya a gaɓa ya dubi ruwa, to rana ya duba. Ruwa na walƙiya, sama ta yi fari fat, shi kuwa bawan Allahn da ke cikin kwalekwale, wanda dominsa ka ɗaga kyamara, sai ya fito baƙi ƙirin, ba ido ba hanci. Ka ƙara haske don fuskarsa ta bayyana, sama da ruwa su wanke su zama fari sol, babu komai a ciki. Ka rage don ka ceci sama, mutum ya koma inuwa. Alhali idonka ya ga komai: ya ga gajimare, ya ga zufar da ke goshin mutumin, ya ga karfasar da ke cikin jirgi.

Na san inda wannan takaici ke kai matasa. Ka shiga intanet, ka ga hotuna masu sama ja-wur da ruwa shuɗi shar, an rubuta HDR a ƙarƙashinsu, sai ka sauke manhajar farko da ta faɗo maka, ko ka fara lissafin yadda za ka tara kuɗin wadda aka fi tallatawa. Dakata tukuna. Kafin ka kashe kwabo ko ka cika wayarka da tarkace, ina so ka san mene ne ainihin ciwon, domin wanda bai san ciwo ba, duk abin da aka miƙa masa magani ne a wurinsa.

Ba lalacewa kyamararka ta yi ba. Masu wannan sana'a suna auna haske mataki-mataki, kowane mataki ninkin na ƙasansa ne. Idon ɗan Adam, da yake yana buɗewa yana tsukewa yayin da yake yawo a kan abin kallo, yana iya haɗa abin da ya kai mataki 20. Kyamara mai kyau ta wannan zamani tana kama 12 zuwa 14 a ƙifta ɗaya. Takardar da za a wanke hoton a kanta kuwa da ƙyar take ɗaukar 7. Tazarar da ke tsakanin hasken ruwan la'asar da inuwar ƙarƙashin malafar masunci ta fi ƙarfin ƙifta ɗaya. Dabarar HDR ita ce a ɗauki wuri ɗaya sau uku ko fiye, ɗaya mai duhu don sama, ɗaya matsakaici, ɗaya mai haske don inuwa, yawanci da tazarar mataki biyu-biyu. Sai manhaja ta haɗe su, sannan ta matse wannan faɗin har ya shiga abin da allon waya ko takarda za su iya nunawa. Aiki biyu ke nan, haɗawa da matsewa. Ka riƙe wannan, domin a wurin matsewar ne ake yin yawancin ɓarna.

Kada ka ɗauka sabon abu ne. A 1856 da 1857 wani Bafaranshe mai hoto, Gustave Le Gray, ya tsaya a bakin teku da irin matsalarka sak. Ya ɗauki sama a gilashi ɗaya, ruwa a wani gilashin, ya haɗa su a takarda guda, mutanen Faris da Landan suka yi ta mamaki. Amma masu binciken hotunansa sun gano daga baya cewa akwai samaniya ɗaya da ya ɗora a kan teku daban-daban. Ka ga tun ranar da aka haifi dabarar aka haifi jarabar da ke tare da ita. A 1997 Paul Debevec da Jitendra Malik na jami'ar Kalifoniya da ke Bakli suka fitar da lissafin da ya ba kwamfuta damar yin haɗin. Photomatix ta fito a 2003, Photoshop ta saka abin a 2005, wayar iPhone ta samu a 2010. Yau kusan duk Tecno da Infinix da ke kasuwar Yelwa suna da maɓallin.

Abu na farko da zan roƙe ka: ka bambance manhajar da ke haɗa hotuna da wadda ke shafa wa hoto ɗaya kwalliya ta kira shi HDR. Snapseed, wadda Google ta saya a 2012 take kuma bayarwa kyauta, manhaja ce mai albarka, kuma ina yaba ta ga duk wanda waya kaɗai ya mallaka. Sai dai abin da ke cikinta mai suna HDR Scape a kan hoto ɗaya yake aiki. Ba ya dawo da gajimaren da ya riga ya ƙone, domin abin da kyamara ba ta kama ba babu shi. Abin da yake yi shi ne ya murza bambancin haske da duhu a kowane lungu na hoton har abu ya yi kaushi. Yawancin manhajojin kyauta masu wannan suna haka suke. Idan manhaja ba ta tambaye ka hoto biyu ko uku ba, kuma ba ita ce ta ɗauka da kanta ba, to fenti take sayar maka.

Abu na biyu ya fi na farko arha, kuma shi ne matasa ba sa son ji. Sau da yawa ba ka bukatar HDR ko kaɗan. Ranar da ta hana ka hoto da yamma ita ce mai taimakonka da hantsi, domin a lokacin tana bayanka, tana haska jirage da fuskoki. Ka sammako. Ko ka gusa gefe ta yadda hasken zai zo ta kafaɗar mutum. Ko ka sa yaro ya riƙe farin ƙyalle ya mayar da haske kan fuskar. Sannan idan kyamararka ko wayarka tana ajiye ɗanyen hoto, wanda ake kira RAW, to kunna shi. Hoton JPEG da ka saba da shi matakin launi 256 kawai yake riƙewa a kowane launi, ɗanyen hoto kuwa 4,096 ko 16,384. A cikin wannan rarar akwai inuwar da za ka iya ɗagawa da hasken da za ka iya saukewa ba tare da ka haɗa komai ba. Ranar bikin Rigata, lokacin da jirage ke tsere, matuƙa na sara ruwa da filafili, 'yan kallo na tsalle, babu manhajar da za ta haɗa maka hoto uku su zauna lafiya. Ɗanyen hoto ɗaya, wanda ka auna haskensa don kada sama ta ƙone, ya fi maka.

To idan abin ya kama sai an haɗa, kamar cikin ɗakin amarya mai duhu da taga a buɗe, ko rumfar masu kifi da rana tsaka, ko faɗuwar rana a kan ruwa a ranar da babu iska, ta yaya za ka zaɓa? Kada ka zaɓa da hotunan da kamfani ya nuna a tallarsa. Dutsen ƙanƙara da cocin Turai ba su san halin da kake ciki ba. Ka ɗauki naka hotunan, na garinku, ka gwada kowace manhaja da su. Photomatix tana bari ka gwada ta iya son ranka, tambarinta kawai take bugawa a kan hoton har sai ka biya. Lightroom tana ba da mako guda. Na kyauta kuwa ba su da iyaka.

Fara gwada ta da ruwa. Tsakanin ƙifta ta farko da ta uku, igiyar ruwa ta gusa, kwalekwale ya juya, ganyen giginya ya kaɗa. Manhaja marar wayo za ta bar maka mutum mai hannu uku ko jirgi mai baki biyu, abin da masu sana'ar ke kira fatalwa. Lightroom, wadda ta fara haɗa HDR a 2015, tana da matakan korar fatalwa, kuma tana nuna maka wurin da ta taɓa. Photomatix tana bari ka zagaye wurin da hannunka ka ce daga hoto kaza nake so a ɗauko nan. darktable kyauta ce kuma ƙaƙƙarfa ce, amma haɗinta yana so a ce a kan ƙafa ka kafa kyamara, ba a hannu ba. Idan a hannu ka ɗauka, Hugin, ita ma kyauta, tana iya daidaita maka hotunan su hau kan juna, sannan abokiyar tafiyarta Enfuse ta tsinto wuri mafi kyau daga kowanne ta haɗa. Wannan hanya ta Enfuse ba ta da armashi a idon yaro, amma hotonta ya fi kama da abin da ido ya gani. Kuma ka tuna, wajen ɗauka saurin ƙifta za ka riƙa canzawa, ka bar faɗin ƙofar gilashi yadda yake, in ba haka ba abin da ya fito tas a hoto ɗaya zai dushe a ɗayan.

Sai ka ƙara girman hoton ka dubi inda hasumiyar masallaci ko kan mutum ko sandar jirgi ta haɗu da sama. Idan ka ga wani farin zobe ya kewaye su, matsewa ta yi yawa. Manhaja ta gari tana da wurin da za ka sassauta hannu har zoben ya ɓace. Wadda ba ta da shi, maɓalli ɗaya kawai ta ba ka ta ce danna, ka rabu da ita. Doki komai kyansa, in babu linzami ba naka ba ne.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne sosai, wato fatar mutane. Kusan duk abin da kake ci a wannan sana'a daga fuskar mutane yake fitowa: biki, suna, saukar karatu, naɗin sarauta. Ango ya sa farar shadda mai aiki a wuya, ya tsaya a rana tsaka, fuskarsa baƙa mai sheƙi. Wannan shi ne babban gwajin da ke gabanka kowace Asabar, ya ma fi na bakin ruwa. In ka auna don fuska, aikin wuyan da ya biya maɗinki kuɗi masu yawa a kansa ya ɓace cikin fari. In ka auna don riga, ango ya ɓace. Manhajar HDR marar kangado za ta dawo da su duka, amma ta mayar da fatar toka-toka, ko ja kamar an shafa mata wani abu, ta tono kowane ƙurji da kowane tamoji, ta ƙara wa dattijo shekara goma. Akwai dalili. Tun daga shekarun 1950 kamfanin Kodak yana raba wa masu wankin hoto wani kati mai hoton Baturiya don su daidaita launi da shi, kuma an daɗe ana gina kayan hoto a kan wannan ma'auni. Kamfanin Transsion, mai Tecno da Infinix da itel, ya ci kasuwar Afirka ne da dalilai da dama, ciki har da cewa ya zauna ya gyara kyamararsa don baƙar fata. Google ma sai a 2021 ta fito da nata gyaran a wayar Pixel 6. Saboda haka kada ka ɗauka duk wanda ya rubuta manhaja ya tuna da fuskar mahaifiyarka. Ka ɗauki hoton wanda ka sani sarai, ka gyara, ka kai wa mutanen gidansu. In suka yi jim kafin su ce ya yi kyau, manhajar ta faɗi. Wadda za ka riƙe ita ce mai ba ka damar ware fuska ka bar ta yadda Allah ya halicce ta, ka yi aikinka a kan riga da sama kaɗai. Haka nan kada ka biye wa ɗaya ɓangaren, masu mayar da mutum fari har danginsa su kasa gane shi. Ke ma 'yata, da kike ɗaukar hoton amare a cikin gida inda namiji ba ya shiga, wannan magana taki ce: lallen da aka kwana ana zanawa yana da launinsa, kada manhaja ta sauya shi.

Sai launin ruwa. Kogin nan ba shuɗi ba ne, kuma ba launi ɗaya yake da shi ba duk shekara. Daga Agusta zuwa Oktoba ruwan daminar yankinmu, wanda gulbin Sakkwato da sauran rafuka ke kwararowa da shi, yana zuwa da laka, ya yi fari-fari. Shi masana ke kira farin ruwa. Daga wajen Disamba zuwa Fabrairu kuma sai wani ya iso, wanda ya sauka tun a tsaunukan Gini, ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali yana ajiye lakarsa a can, ya zo mana garau mai duhu. Shi ne baƙin ruwa. Tsohon masunci zai dubi hotonka ya faɗa maka watan da ka ɗauka, daga launin ruwa da inda ya tsaya a gaɓa. Ranar da ka danna maɓalli ruwa ya koma shuɗin tekun da kake gani a talabijin, ka goge wannan ilimi gaba ɗaya. Haka hazon hunturu. Manhajoji da yawa suna da abin kore hazo, kuma yana da ranarsa, amma hoton Janairu a Yauri wanda babu ƙura ko kaɗan a samansa hoton wani gari ne. Ni dai abin yana mini ciwo in ga yaro ɗan Ngaski ko Shanga, wanda ya tashi yana wanka a ruwan nan, yana jin kunyar launinsa har sai ya rina shi kafin ya nuna wa duniya. Me ya same shi? Ruwan da ya ciyar da kakanninka da giwan ruwa da tarwaɗa, ya shayar da albasa da shinkafa, bai gaza kyau ba. Aikinka ka koyi ɗaukarsa.

Mu zo kan kuɗi, domin nasihar da ba ta leƙa aljihu ba ba ta cika ba. Tun 2013 kamfanin Adobe, mai Lightroom da Photoshop, ya fara komawa tsarin haya: yanzu ba ka sayen manhaja, kana biya wata-wata ko shekara-shekara, kuma farashin da dala yake tafiya. Wanda ya shiga a farkon 2023, lokacin da dala take wajen naira 460 a farashin hukuma, ya ga yadda ta haura 1,500 a farkon 2024. Kai kuwa kuɗin hoton biki bai ninka uku ba. Lightroom tana aiki mai tsabta, hannunta a kan launi mai sauƙi ne, ba na musu. Idan kana da ciniki tsayayye wanda ribar biki ɗaya ke biyan hayar wata har ta bar saura, shiga. Amma ka sani ranar da ka kasa biya, sashen gyaran zai kulle, kuma lokaci-lokaci sai ta leƙa intanet ta tabbatar ba ka da bashi. Photomatix sau ɗaya ake biya. Affinity, wadda ita ma tana haɗa HDR, da sayenta ake yi. Canva ta sayi kamfanin a 2024, a ƙarshen 2025 kuma ta sake ta kyauta ga wanda ya yi rajista. darktable da RawTherapee da Hugin da GIMP ba na wani kamfani ba ne, jama'a ne suka haɗu suka rubuta su, babu mai zuwa ya karɓe maka su. Kuɗinsu haƙuri ne, domin koyonsu yana cin lokaci.

Kuma manhaja tana mutuwa, ɗana. Aurora HDR ta fito a 2015 da ganga da algaita, aka yi ta cewa babu kamarta. A 2022 masu ita suka daina sayar da ita suka ce a koma wata. Nik Collection, mai ɗauke da HDR Efex, Google ta mayar da ita kyauta a 2016, ta sayar wa kamfanin DxO a 2017, aka koma biya. Saboda haka kafin ka ba manhaja zuciyarka, duba ko tana fitar da aikinka a sigar da kowa ke iya buɗewa, irin su TIFF da DNG da JPEG. Wadda ke kulle aikinka a sigarta ita kaɗai, ta riƙe ka a wuya.

Sannan ka dubi na'urar da ke gabanka da wutar da ke garinku. Muna zaune a bakin tafkin da ke juya injinan Kainji, amma kai ka san sau nawa kake aiki da batiri ko da hasken rana. Ɗanyen hoto ɗaya na kyamara matsakaiciya yana kai megabait 25 zuwa 30. Uku sun kusa ɗari ke nan, don hoto ɗaya tak. Tsohuwar kwamfuta mai ƙwaƙwalwar aiki gigabait 4 za ta yi ta nishi, ta yi zafi, batiri ya ƙare kafin ka gama kwata na hotunan biki. Manhajojin da ke taƙama da ƙirƙirarriyar basira su suka fi kowa cin ƙarfi. Ka kashe data ka ga ko manhajar za ta yi aiki. In ta ƙi, tambayi kanka ina take kai hotunan. Wannan ba maganar kuɗin data ba ce kaɗai. A wayarka akwai matan mutane da 'ya'yansu, waɗanda aka yarda ka ɗauka don an san gidanku. Ba a ba ka izinin ka tura su wata ƙasa ba.

A kan wannan gaɓa nake ja maka kunne game da manhajar sata, irin wadda ake zuba wa mutane a shagon gyaran kwamfuta a ce an fasa ta. Haƙƙin wani ne, wannan ɗaya. Na biyu, wanda ya ɓata darensa ya fasa ta ba don Allah ya yi ba. Da yawansu suna zuwa da ƙwayar cuta mai kwashe lambobin sirri na banki ko ta kulle duk hotunan da ke cikin na'ura. Tunda ga na halal kyauta, me zai kai ka?

In ka tambaye ni a taƙaice me zan ce ka ɗauka: mai waya kaɗai ya bar kyamarar wayar ta yi haɗinta, tunda tana ɗaukar hotuna da yawa cikin ƙiftawar ido, ko ya saka Open Camera, wadda kyauta ce kuma tana ɗaukar hoto uku masu haske daban-daban, sannan ya gyara a Snapseed da abin sauke haske da na ɗaga inuwa, ya bar HDR Scape ta huta. Mai tsohuwar kwamfuta ya zauna ya koyi darktable da Hugin. Mai shago da ciniki ya gwada Lightroom da Photomatix da Affinity a kan hotuna guda, ya riƙe wadda ta fi girmama fata da ruwa. Ɗaya ka zaɓa ka san ta ciki da bai. Wanda ke sauya manhaja kowane wata hannunsa ba ya nuna.

Ka kuma duba ƙarshen tafiyar hoton. Sababbin wayoyi suna da allo mai tsananin haske wanda ke nuna HDR na gaske, har rana ta yi kamar za ta kashe maka ido. A wayar mai biki, ko a takardar mai wanki, wannan ƙyalli ba zai fito ba, wani lokaci ma hoton ya koma dishi-dishi. Ka tura wa wata ƙaramar waya ka gani kafin ka miƙa aiki, ka wanke ɗaya ka duba a hasken rana. WhatsApp kuma tana matse hoto. In mai wanki za ka tura wa, tura shi a matsayin fayil, wato Document.

Saura magana ɗaya, kuma ita ce mafi nauyi. Manhajojin yanzu suna cire sama su sa wata, Luminar tun 2019, Photoshop tun 2020. Suna goge mutum, suna ƙara jirgi. Idan hoton ado ne, kuma mai shi ya san abin da aka yi, wannan tsakaninku ne. Amma idan ɗan kasuwa ya ce ka ɗauki albasarsa ko busasshen kifinsa zai tura wa mai saye a Legas ko Onica, ka murza launi har ruɓaɓɓe ya yi kama da sabo, ka shiga cikin algus, kuma ka san hukuncinsa a addini. Idan ambaliya ta zo, irin ta 2020 da ta cinye gonakin shinkafa a Kebbi, ko jirgi ya kife, Allah ya kiyaye, hotonka shaida ne. Ɗaga inuwa don a ga fuska ba laifi ba ne. Baƙanta sama don abin ya ƙara ban tsoro ƙari ne a kan shaida. A Janairun 2014 kamfanin dillancin labarai na AP ya raba gari da Narciso Contreras, mai hoton da ke cikin waɗanda suka ci kyautar Pulitzer a shekarar da ta gabata, saboda ya goge kyamarar wani abokin aiki daga kusurwar hoto ɗaya da ya ɗauka a Siriya. Kusurwa ɗaya, a hoto ɗaya.

Mu mutanen wannan yanki mun fi kowa sanin cewa wuri yana ɓacewa. An fara gina madatsar Kainji a 1964, aka gama a 1968, ruwa ya taso ya shanye tsohuwar Busa da tsibirai da ƙauyuka masu yawa, aka tashi mutum fiye da 40,000, cikinsu har da Gungawa da Kambari. Jikan da ke son ganin inda aka haifi kakansa yau, sai dai bakin tsofaffi ko hoton da wani ya ɗauka kafin ruwa ya zo. Gaɓar da kake ɗauka yanzu ita ma tana sauyawa, kasuwa tana tashi, jiragen katako suna ba masu inji wuri. Don haka duk manhajar da ka zaɓa, ka tabbata ba ta rubuta gyaranta a kan hoton asali ba. Lightroom da darktable da RawTherapee ba sa taɓa shi, a gefe suke ajiye bayanin gyara. A waya kuwa ka riƙa zaɓar ajiye kwafi. Hotuna ukun da ka haɗa, kada ka goge su don ka sami wuri. Manhajar da za ta zo nan da shekara goma za ta fi ta yau iya haɗa su. Ka sa wa kowace jaka sunan gari da kwanan wata, Zamare ce ko Wara ko Birnin Yauri, ka gyara agogon kyamararka ya zama daidai. Ka yi kwafi biyu a ma'aji daban-daban, ɗaya a shago, ɗaya a gidan ɗan'uwanka da ke kan tudu, ka kuma riƙa jona su kana dubawa duk bayan 'yan watanni, domin ma'ajin da aka daɗe ba a kunna ba yana iya ƙin tashi.